Faɗin Katifar Inna

"Ni fa gaisuwar Matar Direban nan ta ishe ni, Baban Biyu. Wallahi ta kai min nan." Uwar Biyu ta nuna maƙogwaronta da almakashi. "Da safe 'ya jikin Inna,' na fita shanya 'ya jikin Inna,' na dawo da bokiti 'ya jikin Inna.' Uwarta ce?"

Baban Biyu yana durƙushe a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi, jakar kayan gyaran firijinsa a gefe. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Yanzu gaisuwar ma ta zama laifi? Da wucewa ta yi ba ta ce komai ba, ki ce ba ta da mutunci."

"Kai ba ka kallon idonta ne. Jiya har ɗakin Inna ta shigo, baki yana 'Allah ya tashi kafaɗunta,' ido yana ƙasa yana ƙirga tayil. Har takawa ta yi daga ƙofa zuwa taga, wai labulen ne ya burge ta. Labulen da ya girmi 'ya'yanta!"

"Ki rage murya. Kin san bangon nan."

"Ta ji mana. Don ta ji nake faɗa."

Ya saɓa jakarsa ya fice, ya bar ta tana ta tsaki.

Bangon nan kuwa dole a san shi, don shi ne tushen maganar. Lokacin da aka rushe tsohuwar unguwarsu za a fitar da titi, sai aka kwaso su aka zuba a wani dogon bene. Daga waje gida ne kamar kowane gida, siminti da tagogi a jere. Ciki ne abin yake. Bangon da ya raba ka da maƙwabcinka ba gini ba ne, wani farin allo ne mai kauri a tsaye kan 'yan ƙananan tayoyi, yana bin layin ƙarfe ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. In an kwance masa noti, maza biyu sai su tura shi kamar ƙofar shago. Wai gari yana ta cika, mutane suna zuwa suna tafiya, to maimakon a yi ta rushewa ana sake gini, gara gidan ya riƙa bin mutanensa. Iyalin da suka ƙaru a buɗa musu, waɗanda suka ragu a matso musu. Masu gidan suna ce masa gida mai numfashi. Mazauna ciki kuwa Matsa-can suke ce masa.

Da farko kowa ya yaba, har da Uwar Biyu. Sai da aka zauna aka ga abin da ke ciki. Tunda ɗakinka ba ya ƙaruwa sai na wani ya ragu, sai cikin kowace mace da ciwon kowane tsoho ya zama maganar kowa. Mace ta yi amai da safe, kafin azahar maƙwabciyarta ta kasa cin abinci. Tsoho ya kwanta, sai ka ga 'yan dubiya suna layi, kowa da ɗan kwanonsa a hannu, kowa ido a ƙasa. Mutanen da a tsohuwar unguwa in ɗayansu ya yi zazzaɓi sauran ba sa samun sukuni! Allah dai ya kyauta.

Inna ita ce mahaifiyar Uwar Biyu. Ɗakinta ɗan ƙarami ne a ƙarshen sashensu, jikin bangon Matar Direba, da tagarsa guda. A nan take sallarta, a nan take zama tana tsinke wa 'yarta ragowar zare a jikin ɗinki tana kallon masu wucewa. Wata rana tana alwala ta zame, ɓarin jikinta ya shanye. Tun kafin ruwan sama ya sauka take asibiti, ga shi har ya ɗauke. Kullum sai Uwar Biyu ta hau mota ta je ta goge mata jiki, ta canza mata zani, ta ba ta abinci a baki, sannan ta dawo ta hau keken ɗinki da aikin mutane. A makon nan likita ya ce sun yi iya yinsu. A nemo gado mai ƙarfe a gefe, a share wurin da keken guragu zai juya, za su sallame ta.

Tana cikin haɗa hannun wata riga aka ƙwanƙwasa. Sufana ne, mai kula da benen. Ba wanda ya damu da ainihin sunansa, don tun da aka tare ba a taɓa ganinsa ba wata ƙatuwar sufana ta kwance noti a aljihun baya ba.

"Uwar Biyu, sannu da aiki. Ya mai jiki?"

"Kai ma? Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya sosa ƙeya. "Bayan azahar za a taɓa bangonku. Na ɗakin Inna. Ki kwashe abin da za ki kwashe."

Ta sauke ƙafa daga keke. "A taɓa me?"

"Kin san ƙa'ida. Wanda ya daɗe bai kwana a gida ba, ya fita daga lissafi. Su Direba kuma kin ga an ƙaru. Ƙanwarsa da ruwa ya cinye unguwarsu, ita da yaranta duk suna ciki."

"Inna mutuwa ta yi? Tambayarka nake, mutuwa ta yi? Asibiti take! Makon nan za a sallamo ta!"

"In ta dawo sai a sa ku a layi."

"Layin me?"

"Layin jiran wani ya ragu."

Ta dube shi daga hula har silifa. "Ka ji abin da ya fito daga bakinka kuwa?"

"Ni noti nake kwancewa, Uwar Biyu, ba ni na tsara ba. Af, kuma Mai Zane, wadda ta zana gidan nan, za ta zo da baƙi su ga yadda ake yi. Ki ɗan share wurin."

"In share? Bari in shimfiɗa musu darduma ma, in dafa musu shayi. Fita min daga ƙofa."

Ta kira Baban Biyu. Yana bayan wani firiji ana ta ƙara, abin da ta iya ji kawai shi ne "ki yi haƙuri" da "Allah zai kawo mafita." Ta kira Yayanta.

"Haba ƙanwata, wannan ai ba abin tayar da hankali ba ne," in ji Yaya. "In babu wuri a kawo ta wajena. Akwai ɗakin ajiya, sai a gyara."

Ta san ɗakin. Ta san gidan ma, can ƙarshen gari inda mota ke juyawa. Yaya da matarsa tun da sassafe suke fita aiki su datse ƙofa, sai rana ta faɗi. Matar da ba ta iya juya kanta, wa zai juya ta? Wa zai miƙa mata ruwa, wa zai fuskantar da ita alƙibla in an kira sallah? Haka za ta yini a jiƙe tana kallon silin, tsakanin tsohuwar taya da gwangwanin fenti. Uwar da ta goya su duka!

"Zan kira ka, Yaya," ta ce, ta kashe wayar.

Ta yi azahar, ta shiga kwashe kaya. Katifa, akwatin ƙarfe, buta, sallaya, kwandon zare, duk ta jibge su a falo a kan keken ɗinki. Tana cire labule suka iso.

Mai Zane 'yar siririya ce, da farar hular kwano a kan mayafi. Gaskiya tana da ladabi, har rusunawa ta yi ta ce, "Sannu Mama." Baƙin nata kuwa kowa waya a sama, suna leƙa ɗakin mutane kamar sun zo kallon namun daji. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin Inna tana yi musu bayani.

"A wani wurin, iyalin da ruwa ya kora da yanzu suna ƙarƙashin gada. Nan ba a korar kowa, ba a rushe komai. Gidan ne yake lanƙwasawa ya karɓi mutane."

Suka yi ta gyaɗa kai.

"'Yata," in ji Uwar Biyu, "mahaifiyarki tana raye?"

"Tana nan, Mama."

"Allah ya bar miki ita. Kar ki kawo ta nan."

Yarinyar ta juya wajen Sufana ta ce a fara.

Sufana ya kwance notin sama, ya kwance na ƙasa, ya sa kafaɗa. Bango ya ce bai san zancen ba. Aka kira Direba ya kama ta ɓangarensu. Shiru. Mai Zane ta ce ai da ɗan yatsa ma ya kamata ya tafi. Sufana ya ce to bismillah, ga shi ga yatsan. A ƙarshe sai da aka zare allon tsakiya don a rage nauyi, aka samu ƙarin maza, aka yi ɗaya, biyu, aka danna. Bango ya yi wata ƙara kamar ana yanka ƙarfe, ya zabura gaba, robar da ke ƙasansa ta ɓalle.

Wa'iyazu billahi. Abin da ke kwance a ƙarƙashin bangon nan, ba a faɗa ana cin abinci. Duk sharar da tsintsiyar gida biyu ta tura tun da aka tsayar da bangon a wurin, tana nan a cushe cikin layin ƙarfe, ta zama wani baƙin abu mai danƙo. Gashin kitso, ƙayar kifi, ɓawon ƙwai, audugar kunne. Ga mushen ɓera ya bushe ya lallatse kamar tsohon silifa. Kyankyasai suka fashe ta ko'ina, manya da 'ya'yansu, har kan takalmin baƙi. Sannan wani ruwa mai yauƙi ya biyo layin a hankali, wari ya tashi, warin da duk uwar da ta yi raino ta sani. Wata baƙuwa ta toshe hanci da gefen gyale, amma ba ta sauke wayar ba.

Uwar Biyu ta tsaya tana kallo. Daidai wurin ne Inna take shimfiɗa sallayarta. Daidai nan take sa goshi. Sau nawa tsohuwar ta ce mata, "Anya 'yar nan, ba kya jin ɗan danshi a nan?" ita kuma ta ce sanyin tayil ne. A cikin baƙin danƙon ta hango wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwan zuma, 'ya'yan carbin Inna da ya tsinke bara suka yi ta nema. Ta durƙusa, ta sa bakin almakashi ta ciro su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a ƙyalle.

Da ta ɗago, sai ta yi ido huɗu da Matar Direba ta wurin da aka zare allon.

"Ga fitsarin 'ya'yanki nan, Matar Direba. A kansa uwata take sallah. Kin samu abin da kike nema, sai ki huta da gaisuwa haka nan."

Matar Direba ta gyara goyon da ke bayanta. "Uwar Biyu, ni ma ba don daɗi ba ne. Leƙo ki gani. Leƙo mana, ai ido gare ki."

Ba ta so ba, amma ta leƙa. Katifu a jingine da bango har sun kusa silin. Jiƙaƙƙun kaya a rataye a igiya ta ratsa tsakar ɗaki. Yara a jere a ƙasa kamar an shanya su. Wata ramammiyar mata, ƙanwar Direban ke nan, tana zaune kan ƙullin kaya tana shayarwa, ba ta ko ɗaga kai ba. Fo ɗin yara yana nan dab da tukwane, don babu inda za a ajiye shi. Ƙyama ta sake taso mata, ta rasa ma wa za ta ɗora wa.

"Bi da bi muke kwana," in ji Matar Direba. "Kuma tsaya in tambaye ki. Ɗakin nan da kike wa kuka, daga sama ya faɗo miki? Ba na tsohuwa mai kyanwa ba ne, wadda ta zauna nan kafin mu? An ce ana sauka da gawarta a matakala kika aika a kira Sufana."

"Ƙarya ne!"

"Sufana, ƙarya ne?"

Sufana ya duƙufa kan wani noti kamar ransa na ciki.

Mai Zane ta ce za ta sa a zo a wanke layin, kuma za a duba maganar robar. Ta tattara baƙinta suka sauka, suna kakkaɓe ƙafar wando. Aka ƙarasa tura bango, aka mayar da allo, aka ɗaure. Tagar Inna ta koma gidan Direba. Ta cikin allon Uwar Biyu tana jin yara suna ihu suna rige-rigen leƙa titi. Falonta ya yi duhu da rana tsaka.

Ta dafa ruwa, ta zuba sabulu, ta dirje ƙasan nan har hannunta ya yi fari, ta sake dirjewa. Ta wanke 'ya'yan carbi ta shanya a murfin kwano. Sannan ta ciro tef daga wuyanta ta shiga awo, don ita ba ta iya zama ta yi tagumi ba. Ta auna falo a tsaye, ta auna a kwance. In gadon Inna ya shiga, keken ɗinki ya fita, kuma da keken ake ci. In ta tura keken lungu, 'yan biyu ba su da wurin shimfiɗa, ƙofar bayi ma ba za ta buɗu ba. Ɗakinsu ita da Baban Biyu kuwa, gadonsu ya cinye shi, ko keken guragun ba zai shige ƙofar ba. Ta juya lissafin nan ta kowace fuska. Abin da ya hana kaɗan ne. Faɗin katifa ɗaya, shi ke nan.

Ta tare Sufana a matakala yana wanke sufanarsa a bokiti.

"Faɗin katifa kawai nake nema. Ka mayar min da shi."

"Wancan bangon ya tafi ke nan, Uwar Biyu. Sun fi ku kai."

"To ya zan yi da uwata? In rataye ta a ƙusa?"

Ya waiga hagu da dama. "Sai dai ɗaya bangon naku, na Baba Maigadi. Amma nasa ɗakin ya kai ƙarshen ƙanƙanta, ƙa'ida ba ta yarda in taɓa ba. Sai in shi ya ce da bakinsa. Ko kuma…"

"Ko kuma me?"

"Ai kina jin tarinsa."

"Tir da bakinka," ta ce. "Tir. Allah ya shirye ka." Ta haye sama tana tofar da yawu.

Baba Maigadi tsoho ne shi kaɗai, ba mata ba ɗa. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gadin wata ma'aikatar siminti, ƙurar wurin ta cinye masa ƙirji. Mutumin kirki. Shi ke ajiye wa 'yan biyu makulli in uwarsu tana asibiti, shi ke ce mata "'yata." Tarinsa kuwa ya zama kamar agogon gidan, har ta daina jin sa.

To washegari sai ta fara ji.

Tana kan keke tana ɗinke bakin zani, tari ya taso ta cikin allo. Ya yi, ya yi, ya shaƙe, sai ɗif. Ƙafarta ta tsaya da kanta. Ta kasa kunne. Shiru. Kafin ta ankara, a cikin kanta har ta ajiye gadon Inna, kai ta gabas, ta sa keken guragu a gefe, ta rataye tsohon labule. Can sai ga tarin ya dawo, da kakin majina.

Ta ja tsaki.

Da kunnenta ta ji tsakin. Ta dafe baki. "A'uzu billahi. Ni ce kuwa?"

Ta tashi ta wanke fuska, ta koma aiki, ta kunna rediyo da ƙarfi. Bai hana ba. Da la'asar ta tayar da sallah, tana tsakiyar karatu tsohon ya sake yin shiru, kunnenta ya bar sallar ya tafi jikin bango. Ta rasa a raka'a ta nawa take. Ta lallaɓa ta idar, ta yi sujadar mantuwa, ta zauna a kan sallaya tana jin bakinta kamar ta lashi abin nan na ƙarƙashin bango. Jiya-jiyan nan ta gama zagin Matar Direba.

'Yan biyu suka dawo daga makaranta, suka yar da jaka. Ƙaramar ta leƙa falo ta ce, "Umma, wai in Baba Maigadi ya mutu ɗakinsa namu ne? Yaran Direba suka ce yanzu layinmu ne."

"Rufe min baki! Kar in sake jin wannan maganar a bakinki. Wuce ki cire kayan makaranta."

Yarinyar ta wuce tana ƙunƙuni, ita me ta yi. Uwar Biyu ta bi ta da kallo. Ko goma ba ta cika ba, har ta iya lissafin Matsa-can.

Sai ga wayar Yaya.

"Asibiti sun kira ni. Gobe da safe zan zo da mota. Ina za a kai ta, wajenki ko wajena?"

"Ka ba ni zuwa anjima."

"Ke dai kin cika taurin kai. Na ma fitar da tayar daga ɗakin."

Ta ajiye wayar. Ta ɗora tukunya, ta dafa shinkafa mai laushi yadda marar haƙori zai iya, ta zuba a kula, ta yafa mayafi. A bakin ƙofar Baba Maigadi ta tsaya ta dubi kular da ke hannunta, ta ga ita ma ga ta da ɗan kwanonta. Saura kaɗan ta juya. Ta tuna ɗakin ajiya, ta yi sallama.

"Shigo, 'yata, a buɗe take."

Rabonta da shiga ɗakin an daɗe, kullum a bakin ƙofa suke gaisawa. Ɗan siriri ne kamar lungu, amma tsaf. Gado, buta, rediyo, tsohuwar rigar gadi a rataye a ƙusa. Taga ɗaya ce, kuma tana nan dab da bangonta, ko tafin hannu babu tsakani. A gaban tagar ya ajiye kujerarsa. Yana zaune ya ɗora haɓa a kan ƙarfen tagar, baki a buɗe yana zuƙar iska, ƙirjinsa yana ƙugi. Mai awo ce, ba ta buƙatar tef. Kallo ɗaya ta yi ta gane: in bangon nan ya matsa faɗin katifa, tagar ta koma nata ɓangaren, shi kuma ya zauna a akwati.

Maganar da ta shirya ta gudu.

"Ya jiki, Baba?" ta ce. Muryar Matar Direba ce sak ta fito daga bakinta. Idonta kuma, ba ta aike shi ba, ya sauka ƙasa ya fara bin tayil.

Tsohon ya yi dariya, dariyar ta zama tari, ya tofa a gwangwani ya rufe.

"Ba sai kin ƙirga ba, 'yata. Matar Mahauci ta ɗaya gefen ta riga ki. Ita har da igiya ta zo, wai za ta ɗaura min shanya." Ya share baki. "Tun da tarin nan ya tsananta ban kwana da yunwa ba. Da na san haka ne da tun ina saurayi na fara. Ke ce dai ban zata ba. Amma shinkafar tana ƙamshi, ajiye nan."

Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ta ajiye kular, ta durƙusa a gaban kujerar, ta ja mayafi ta rufe gwiwa.

"Baba, ba gaisuwa na zo ba. Kar in yi maka ƙarya in ƙara wa kaina zunubi. Tun safe kunnena yana jikin bangonka, har a cikin sallah. Da ka yi shiru sai in ji… kai, Allah ya yafe min. Ni ba na so in zama mai jiran ranka. Na ga masu yi, na zage su, ga shi na wayi gari a cikinsu, ina ƙyamar kaina kamar in cire fatata in wanke."

Tsohon ya mayar da fuska wajen taga.

"Gobe za a sallamo Inna. Ka san an ɗauke ɗakinta. In ban samu wuri ba, Yaya zai kai ta ɗakin ajiya a kulle ta tun safe, ita da ba ta iya korar ƙuda daga fuskarta. Na auna, na sake aunawa. Faɗin katifa ne ya hana. Sufana ya ce in ka faɗa da bakinka zai tura."

Ƙirjin tsohon yana ta ƙugi. A ƙasa wani mai mota yana ta danna oda.

"Na ga tagar, Baba, ba makauniya ba ce ni. Na san da ita kake numfashi. Zan sa Baban Biyu ya kafa maka fanka, zan riƙa bar maka ƙofata a buɗe ka zo ka zauna a gaban tagar duk yini, kai da Inna. Na san ba ɗaya ba ne. Ban da bakin da zan ce ɗaya ne."

Ya ɗaga hannu a hankali ya kama ƙarfen tagar, yana shafa shi da babban yatsa, wurin har ya yi sheƙi don riƙo.

Ta matso da gwiwa.

"Gara in roƙe ka ido da ido, kana raye kana ji na. Baba, don girman Allah, ka ba ni faɗin katifar nan."